Fim ɗin da Murtala Ya Zaɓa

Idan ka ba mutum wuƙa ya yanka albasa, ya je ya yanki ɗan'uwansa, kowa ya san mai laifi. To idan abin da ka ba shi ba wuƙa ba ne, labari ne mai kyau na haƙuri da riƙon amana, irin wanda ko liman zai zauna ya kalla da iyalinsa, kuma da shi aka yi yankan, a wuyan wa jinin yake? Mai ba da labarin nan bai san amsa ba. Abin da ya faru kawai ya sani.

Murtala mai turi ne a Gyaɗi-Gyaɗi. Shagonsa ɗan tsukuku ne a wani layi da ke ɓullewa titin gidan Zoo: kwamfuta ɗaya, benci ɗaya, sai fanka mai tari kamar tsohuwa. Mutane kan kawo waya ko memori ko filas, ya tura musu fina-finai su je gida su kalla. Masu sana'ar sun cika unguwar, kuma yawancinsu duk tarkacen da ya shigo a makon suke ɗura wa mutum. Murtala ba haka yake ba. Sai ya tambaye ka wa zai kalla, da yara a ɗakin ko babu, suruka tana zama a falon ko ba ta zama. Kuma ba ya tura fim mai dogon zango sai ya kalle shi da kansa har ƙarshe. Yakan ce irin wannan fim baƙo ne da zai yi watanni a ɗakinka, shi kuwa baƙo ba ranar da ya sauka ake sanin halinsa ba. Wasu na cewa iyayi ne kawai. Amma matan aure har daga Tarauni wurinsa suke aikowa, domin ba a taɓa jin an tashi da gudu an kashe talabijin a kan abin da ya zaɓa ba. Wannan sunan shi ne jarinsa, ya kuma san haka.

Mu'azu abokinsa ne tun na ƙuruciya. Ƙauyensu ɗaya a ƙasar Rano, mota ɗaya ta kawo su birni. Mu'azu ya kama tuƙin adaidaita sahu, ya yi aure, ya kama hayar ɗaki a Ƙauyen Alu. Wata safiya tifar yashi ta haɗa shi da bakin kwalbati. Bai mutu ba, amma lakarsa ta taɓu. Daga ƙirji zuwa ƙasa ba ya jin komai. Hannun hagu ya mutu, na dama ba ya ɗaga kofi, iyakarsa danna rimot da waya idan an ɗora masa a ƙirji. Baki ne ya tsira, sai ido.

Murtala ne ya samo masa tsohuwar talabijin mai cin filas, ya kafa ta a bango daidai inda idonsa yake faɗawa. Maƙwabciyarsu Anti Bisi, mai sayar da ƙanƙara da lemo, ta ja musu waya ɗaya daga solarta don kada ɗauke wuta ya riƙa katse masa kallo. Tun daga nan matar Mu'azu, Fiddausi, ta fara zuwa Gyaɗi-Gyaɗi da filas ƙulle a haɓar hijabi. Duk sabon abin da ta kai gida, Mu'azu ba ya yarda a kunna sai ya kira Murtala a waya ya ji daga bakinsa cewa shi ya zaɓa.

Babu zaɓin da Murtala ya taɓa yi wa tunani kamar wannan. Ya cire duk fim mai tseren motoci. Ya cire masu jarumai da ke tsallake katanga, don kada mutum ya kalla ya dubi ƙafafunsa. Na cin amanar aure kuwa ko kusa da su bai je ba. Abin da ya rage masa shi ne na mata masu haƙuri, a cikinsu har da wani na Indiya mai fassarar Hausa, dogo ne kamar ba zai ƙare ba, labarin wata da mijinta ya nakasa ta ƙi barinsa duk da dangi sun taru a kanta. Ba a daɗe ba Mu'azu ya kira shi, murya har da dariya, ya ce wannan karon ya iya zaɓe, Allah ya yi masa albarka. Murtala ya yini da daɗin maganar.

Wata rana bayan la'asar Fiddausi ta zo ta zauna a ƙarshen benci. Ta bar duk waɗanda ta riga zuwa suka wuce gabanta, har shagon ya rage daga ita sai shi. Ta rame, tsintsiyar hannunta kamar ta yarinya. Ta kunce filas ta ajiye, ta ce akwai wani da ta gani a ɗakin Anti Bisi, na ƙasar Filifin, kuma ta ji an ce an yi fassararsa. Ba ta riƙe sunan ba, sai ta fara ba da labarin: wani attajiri ne ya faɗi jikinsa ya shanye, matarsa ta sallami masu aiki ta ce ita za ta yi jinyarsa da hannunta.

Bai bari ta ƙarasa ba, don ya san shi. Yana nan a kwamfutar, a wani lungu da ba ya buɗe wa gidajen aure. Rabin farko na fim ɗin kamar wa'azi yake: matar tana wanke mijin, tana ba shi abinci a baki, tana kwana a ƙasa kusa da gadonsa. Sai an kai tsakiya ake nuna hannunta a kicin tana ɗiga wani abu a shayinsa, kaɗan-kaɗan, kullum. Mijin ya gane. Ya faɗa wa 'yan'uwansa, suka ce ciwo ya taɓa masa kai, ina aka taɓa samun mace irin wannan. Daga nan har ƙarshe kusan ba abin da ake nunawa sai idon mutumin, yana kallon kofi yana tahowa.

Murtala ya ce mata wannan ba na gidansu ba ne, bari ya nemo mata wani.

"Shi nake so, Yaya Murtala."

Ya tambaye ta ko ta kalle shi har ƙarshe. Ta ce ta kalla. Sannan ta yi masa bayani a hankali, idonta a ƙasa. Ta roƙi Mu'azu ya sauwaƙe mata, ya ƙi. Ta aika gida, babanta ya ce in ta kai nakasasshen miji gaban alƙali kada ta ƙara taka masa ƙofa, amma in mijin ne ya sake ta da bakinsa, ɗakin uwarta a buɗe yake. Ke nan ba ta da mafita sai shi ya faɗa da kansa.

"Ba abin da zan sa masa, Allah ya gani. So nake kawai ya ji tsoron kofin da nake miƙa masa."

Murtala ya ce ta ji tsoron Allah, mutumin nan ba shi da hannun shan ruwa sai nata. Ya ce in ma ta nace, masu turi ba sa ƙirguwa tsakanin nan da Tarauni, ta je can su tura mata.

"Ai ka san ba zai kalla ba sai ya kira ka."

Ya ce to in ya kira, gaskiya zai faɗa masa. Ya cika filas ɗin da zango na gaba na matar Indiya mai haƙuri, ya miƙa mata. Ta daɗe tana dubansa a tafin hannunsa kafin ta ɗauka. A bakin ƙofa ta tambaye shi yaushe rabonsa da zuwa duba abokin nasa. Ya ce shago ne ya riƙe shi. Ta ce ya daure ya zo, ya ga yadda ake kallon abin da yake zaɓowa.

Ranar Juma'a da aka sauko daga masallaci ya sayi ayaba da lemon zaƙi ya nufi Ƙauyen Alu. Ɗakin a share yake tsaf, turaren wuta yana kokawa da wani wari da ya riga ya kama katifa. Mu'azu yana jingine da filo, ya yi fari, ya yi ƙibar kwanciya, rimot a ƙarƙashin babban yatsansa. Da ganin Murtala fuskarsa ta washe.

"Mai turi da kansa. Ke, zo ki gai da malaminki."

Murtala ya ɗauka wasa ne, ya yi dariya. Bayan gaisuwa Mu'azu ya ce bari ya nuna masa wurin da ya fi so. Ya mayar da fim ɗin baya ba tare da ya yi ta lalube ba, alamar ya san wurin kamar hanyar gidansu. Matar Indiya tana durƙushe tana wanke ƙafar mijinta. Ya tsayar da hoton daidai inda take goge ƙafar da gefen mayafinta. Ya ce wa Fiddausi ta duba da kyau, da mayafi aka goge, ba da tsumma ba, ta je ta kawo ruwa ta nuna wa malaminta ko karatu ya shiga.

Murtala ya ce haba, a bari mana. Ba wanda ya kula shi. Ta kawo ruwa a roba ta durƙusa. Tana sa masa ƙafa a ciki ya ce ruwan ya yi zafi. Ta fita ta sirko. Ya ce yanzu kuma ya yi sanyi, so take mura ta kashe shi. Da ta sake fita sai ya juyo da kai wajen Murtala yana murmushi.

"Ni fa ba na jin komai a ƙafar nan. Amma ita tana ji."

Ya ci gaba da ba shi labarin tsarinsu kamar mai nuna wa baƙo gonarsa. Ba a kallon kashi ko ɗaya sai tana zaune. In an gama ya yi mata tambayoyi: me matar ta yi yau, ke kuma me kika yi? In ta yi gyangyaɗi a mayar da kashin daga farko. Ya ce tun da ya auro ta bai samu malamin da ya gyara masa ita kamar fim ɗin nan ba, kuma duk ladan na Murtala ne.

Ta dawo ta gama wankin, ta goge ƙafar da hijabinta. Tana nan durƙushe, wataƙila tana ganin idon baƙo zai sa a ji kunya, ta ce an sake kira daga gida, jikin Innarta ya tsananta, ba ta ma gane mutane sosai. Ta roƙi kwana ɗaya. Ta ce Anti Bisi ta yarda za ta ba shi abinci, kuma ta yi magana da Tanko ɗan baffansa zai zo ya kwana ya riƙa juya shi.

Mu'azu ya danna rimot, hotuna suka yi ta gudu, har ya tsaya a wani wuri. An zo ƙofa an gaya wa matar Indiya cewa mahaifiyarta ta rasu. Ta tsaya jim, ta rufe ƙofar, ta koma ta ɗauki cokali ta ci gaba da ba mijinta abinci, kiɗa yana tashi.

"Murtala, kai ka zaɓo. Gaya mata, ta je?"

Murtala ya ce wannan ai fim ne, Mu'azu.

"Cewa na yi ta je ko ba ta je ba?"

"Ba ta je ba."

"To."

Fiddausi ta ɗauki robar ruwan ta fita. Murtala ya matso ya rage murya, ya haɗa shi da Allah da zumunci, ya ce uwa fa ake magana, kwana ɗaya ba zai kashe kowa ba. Sai murmushin ya bar fuskar Mu'azu, ta koma wata fuskar da Murtala bai taɓa gani ba.

"In ta je ba za ta dawo ba, ka sani na sani. Shekaranjiya ƙuda ya sauka a gefen idona. Ina kallonsa yana wanke hannu, har ta dawo daga famfo. Kai za ka riƙa zuwa da asuba kana cire mini kashi?"

Murtala ya san ba zai riƙa zuwa ba.

"Ko kai ma layi ka shiga, kana jira in saki?"

A kan wannan maganar Murtala ya tashi ya nemi takalminsa.

Kwanakin da suka biyo baya ya yi su yana tonon kwamfuta. Ya yanke cewa ba zai ƙara tura na mata masu haƙuri ba, ya shiga neman abin da ba za a iya dukan kowa da shi ba. Ya haɗa na barkwanci da na tarihin sarakunan wasu ƙasashe, har da na namun daji. Mu'azu ya kira ya wanke shi da zagi, ya ce shi ba yaro ba ne da za a kawo masa birai, in babu ci gaban nasa a kawo irinsa, in babu a mayar masa da tsohon. Da Murtala ya ƙi, sai Fiddausi ta dawo da kanta ta ce ya taimaka ya mayar, don tun da aka canza ba ta runtsa ba. Ya mayar. Aka koma kashi na ɗaya, karatu ya dawo sabo.

Rasuwar mahaifiyar Fiddausi a bakin wani ɗan ƙauyensu ya ji ta, bayan an riga an binne. Ya rufe shago ya tafi ta'aziyya. A ƙofar gidan su Mu'azu ya tarar da Anti Bisi tana fasa ƙanƙara, ta tare shi da Hausarta mai karyewa. Ta ce yarinyar ba ta je ko'ina ba. Ta ce ranar da saƙon ya zo, tun hantsi har yamma wuri ɗaya ake maimaitawa a talabijin ɗin, ana ƙwanƙwasa ƙofa, ana rufe ƙofa, kiɗa ya tashi, a sake komawa, kuma an ƙure murya har ɗakinta. Ta ce da abin ya ishe ta sai ta fizge wayar solarta. Ba a jima ba Fiddausi ta fito ta durƙusa mata ta mayar, wai in talabijin ta yi shiru bakinsa ne yake kunnuwa, kuma gara talabijin.

"Wane irin fim kake ba su, Malam?" in ji Anti Bisi.

Ya ce mai kyau ne, ba ko rashin kunya ɗaya a ciki. Ta dube shi, ta koma kan ƙanƙararta. Daga cikin gidan yana jiyo kiɗan da ya sani. Bai shiga ba.

Bayan an yi sadakar bakwai ba da ita ba, Fiddausi ta zo shagon. Wannan karon ba ta jira kowa ya tafi ba, ta bi layi kamar kowa. Ya yi mata gaisuwa ta amsa. Ta kunce filas ta ajiye, ta ce wancan ya zo ƙarshe, maigidan ya ce a kawo irinsa. Ya tambaye ta wanne za a sa.

"Duk wanda ka zaɓa."

Ba ta ƙara ko kalma ba, ba ta kuma dube shi ba. Da ta roƙa, da ya samu abin ƙi.

Ya sa filas ɗin a kwamfuta ya zauna yana kallon allo. Ya san yadda abin zai tafi, tun da ya kalla har ƙarshe. Makonnin farko Mu'azu zai yi murna, zai ce an samo wadda ta fi ta Indiya. Zai tsayar da hoto ya ce wa Fiddausi ta ga yadda ake haɗa wa miji shayi, ya sa ta haɗa masa irinsa safe da yamma. Sannan a kai tsakiya. Zai kalli hannun matar a kicin, ya juyo ya ga Fiddausi zaune inda ya ajiye ta, tana kallo tare da shi. Zai kira Tanko, zai kira dangi, su zo su ga ɗaki a share da mace a durƙushe, su ce ciwo ne. Wataƙila ya sake ta a ranar. Wataƙila kuma ya ƙi, ya rufe baki ya daina ci, ya mutu da tsoron abin da babu shi. In kuma ya sake ta, Tanko zai yi kwana biyu ya gaji, a mayar da Mu'azu ƙauye a kwantar a zaure, ƙudaje su samu wuri. Murtala ya nemi hanyar da ba wanda zai cutu a cikinta bai samu ba. Ya kuma kasa tantance ko tausayin matar ne yake tura shi, ko haushin an mayar masa da kyakkyawan zaɓinsa bulala a gaban idonsa.

Wani mai jira a benci ya ce Malam a yi da jiki mana.

Ya buɗe lungun nan. Kwamfuta ta ce filas ya cika, sai an goge wani abu. Ya goge matar Indiya gaba ɗaya, ya tura na Filifin daga kashin farko har na ƙarshe. Da ya gama ya zare ya ajiye a kan tebur. Fiddausi ta ɗauka ta ƙulle a haɓar hijabi. Ba ta tambayi me ya sa ba, ba ta yi godiya ba, ta fita.

Ana shirin kiran magariba wayarsa ta yi ƙara. Muryar Mu'azu garau, kamar ba su taɓa saɓawa ba.

"Mutumina, ta kawo wani sabo. Kai ka zaɓa?"

"Ni na zaɓa."

"Ba birai dai ko? Akwai haƙuri a ciki?"

"Matar da hannunta take jinyarsa. Ko shayi ba ta bari wani ya haɗa masa."

Mu'azu ya yi dariya, Murtala ya ji yana ƙwala wa Fiddausi kira ta bar abin da take yi ta zo ta zauna. Sannan ya dawo kan wayar ya ce, tsakani da Allah dai mai kyau ne?

"Mai kyau ne," in ji Murtala. "Ka bi shi a hankali. Kada ka tsallake ko ɗaya."